Mayar da Faifan Kwamfuta Tsohon Tsari Ba Tare da Sake Ɗora Komai Ba

Jawabin da wani ɗan ajin 1986 ya gabatar a zauren makaranta ranar taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai



Da farko ina gode wa kwamitin shirya wannan taro da ya ga dacewar a ba ni 'yan mintoci in yi magana a kan sana'ata. Lokacin da sakatare ya aiko mini da takardar gayyata, ya ja mini kunne cewa in zaɓi abin da jama'a za su amfana da shi, kada in kawo abin da zai sa dattawa gyangyaɗi bayan an ci tuwo. Sai na duba tambayoyin da 'yan uwa suka fi yi mini a 'yan shekarun nan, ko a wajen ɗaurin aure ko ta waya, na ga akwai guda ɗaya wadda take ta dawowa cikin riguna iri-iri. Wani ya ce ya zuba karatu a filasha amma rediyon motarsa ta ƙi gani. Wani ya ce talabijin ɗin gidansa ba ta karɓar faifan da ya tara hotunan iyali a ciki. Wani kuma mai shagon ɗinki ne, ya ce tsohon injinsa na ɗinkin kwamfuta ba ya karanta zanen da yaronsa ya ɗauko daga sabuwar na'ura. Duk tambayar ɗaya ce, watau yaya za a mayar da faifan ajiya, wanda yaran shago ke ce wa had-dis, daga sabon tsari zuwa tsohon tsari, ba tare da an share abin da ke ciki ba, ba kuma tare da an sake ɗora Windows daga farko ba?

Kafin in amsa, tilas mu san mene ne shi wannan tsari da ake magana a kai. Ku tuna da siton makarantar nan, inda ake jibge buhunan shinkafa da wake da garewanin manja. Mai kula da sito yana da wani babban littafi wanda yake rubuta abin da ya shigo da inda aka ajiye shi. To, faifan kwamfuta ma sito ne, an yanka shi gurbi-gurbi, duk girmansu ɗaya, kowanne da lambarsa. Fayil ɗaya yakan ci gurbi ɗaya ko ɗari ko dubu, kuma ba lallai ne gurabun su kasance a jere ba, wani yana nan wani yana can. Abin da ke haɗa su shi ne littafin. In littafin ya ƙone, kaya suna nan a sito ba abin da ya taɓa su, amma ba wanda zai iya cewa wannan buhu na wane ne. Yadda ake rubuta wannan littafi shi ne tsarin ajiyar fayil. Saboda haka in an ce a sauya tsari, ba kayan ake sauyawa ba, littafin ake sake rubutawa da wani salo dabam, alhali kaya suna cike da sito.

Tsohon salon shi ne wanda ake kira FAT. Kamfanin Microsoft ya yaɗa shi tare da DOS tun 1981, zamanin faifan fulofi. Dabararsa mai sauƙi ce ƙwarai. Kowane gurbi yana da layi ɗaya a cikin littafi. Layi na 10 zai ce a ci gaba a 11, na 11 ya ce a ci gaba a 40, na 40 ya ce nan ne ƙarshe. Haka kwamfuta za ta bi sarƙar har ta tattaro fayil. Ana ajiye kwafi biyu na littafin a farkon faifai, saboda ko ɗaya ya lalace. A 1984 aka fito da FAT16, wanda yake iya ƙirga gurbi dubu 65 da 'yan kai. Malaminmu na lissafi yana zaune a nan, shi zai gaya muku cewa in yawan gurabu ba ya ƙaruwa, faifai kuma yana girma, to sai dai a ƙara girman gurbi. Da aka kai faifai mai gigabayit 2, gurbi ɗaya ya zama kilobayit 32, a nan DOS da Windows 95 suka tsaya. Wasiƙar da ba ta wuce kilobayit 1 ba sai ta mamaye kilobayit 32, kamar a ba ɗalibi ɗaya ɗakin kwanan mutum talatin da biyu ya kulle ya tafi da makulli. Wannan asara ce ta sa a 1996 aka fito da FAT32 a cikin wani sabon bugu na Windows 95, inda faifai mai gigabayit 8 ke iya zama da gurbi mai kilobayit 4 kacal.

A ɗaya ɓangaren kuma, tun 1993 kamfanin ya riga ya fito da wani tsari dabam mai suna NTFS tare da Windows NT, wanda aka yi domin ofisoshi da manyan ma'aikatu. Shi wannan ba littafi mai layi ɗaɗɗaya ba ne, kowane fayil shafi guda yake da shi, galibi mai bayit 1,024. A shafin ana rubuta sunan fayil da inda gurabunsa suke, da wanda ya mallake shi, da wanda aka yarje wa ya buɗe, da wanda aka hana. Yana iya matse fayil ya rage girmansa, daga Windows 2000 kuma yana iya kulle shi da rufin asiri. Abin da ya fi burge ni shi ne yana da wani ƙaramin littafi na niyya. Kafin ya taɓa babban littafi sai ya rubuta cewa zai yi kaza, in ya gama ya rubuta ya gama. In aka ɗauke wuta a tsakiya, da an dawo zai duba ya ga inda ya tsaya, ya ƙarasa ko ya warware. FAT ba shi da wannan. Waɗanda suka yi aiki da Windows 98 za su tuna da shuɗin allon ScanDisk da ke tare mutum duk sanda kwamfuta ta mutu ba shiri, da kuma guntattakin fayiloli masu ƙarewa da CHK waɗanda yake tarawa, ba kai ba gindi.

Tsakanin 1996 da 2000 an sha fama. Windows 95 da 98 ba su ganin NTFS ko kaɗan. Windows NT 4.0 kuma ba ya ganin FAT32. Wanda yake son ya haɗa su a kwamfuta ɗaya, dole ya koma FAT16, wanda shi kaɗai ne kowa ke jin harshensa. Tun daga lokacin wannan tambaya tamu ta samo asali, ba yau ta fara ba. Windows 2000 ne ya fara karanta dukkan ukun.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Microsoft ya gina hanyar zuwa gaba, bai gina ta dawowa ba. A cikin Windows 98 akwai wata 'yar manhaja da ke mayar da FAT16 ya zama FAT32 ba tare da an share komai ba, amma ba ta mayarwa baya. Haka nan har yau, in ka buɗe baƙin allon rubuta umarni ka rubuta convert D: /fs:ntfs, faifanka na FAT32 zai zama NTFS, kayanka suna nan. Ba wani umarni makamancin wannan da zai dawo da kai. Abin da kamfanin ya ce kawai shi ne ka kwashe kayanka, ka yi fomatin, ka mayar.

Wasu sukan ce mugunta ce ta 'yan kasuwa, don a tilasta wa mutane bin sabo. Ni ban ɗauke shi haka ba, ko da yake ban ce ba su ji daɗin hakan ba. Dalilin yana cikin aikin kansa. In za ka tashi daga ɗaki ɗaya ka koma gida mai ɗaki huɗu, duk abin da ka mallaka zai sami wuri. In kuwa daga mai ɗaki huɗu za ka koma ɗaki ɗaya, sai an zauna an yanke shawarar abin da za a zubar. Littafin FAT32 ba shi da gurbin rubuta mai fayil, ba shi da na izini, bai san matsewa ba, bai san littafin niyya ba. Duk waɗannan zubar da su za a yi. Har lokacin da aka taɓa fayil ba iri ɗaya suke rubutawa ba: NTFS yana bin agogon duniya, FAT kuwa agogon garinku yake bi, kuma daƙiƙa bibbiyu yake ƙirgawa.

Babbar matsala ita ce ta girman fayil. Wurin da FAT32 ya tanada domin rubuta girman fayil ba ya ɗaukar lambar da ta wuce 4,294,967,295, watau gigabayit 4 ba bayit ɗaya. Ba wata dabara da za ta sa ya ɗauki fiye da haka, ko da faifan fili ne fetal. A 1996 ba wanda ya damu, don faifan gaba ɗayansa ma bai kai haka ba. Amma da kyamarar bidiyo mai ƙaramin kaset na DV ta shigo, wadda masu ɗaukar biki da masu shirya fim suka yi yayi a farkon shekarun 2000, awa ɗaya takan ci wajen gigabayit 13. Ke nan kafin a cika minti 20 an kai bango. Yau kuwa wayar da ke aljihun ɗanka tana iya haifar da fayil irin wannan a zama ɗaya.

Sa'an nan akwai aikin gini. Littafin FAT dole ya zauna a farkon faifai, a jere, ba yankewa. A faifan NTFS kuwa wannan wuri ba fili ba ne, akwai kaya a ciki, sai an kwashe su an kai wani wuri. Littafin kuma ba ƙarami ba ne. Kowane layi bayit 4 ne. Ɗauki faifai mai gigabayit 500 wanda gurbinsa kilobayit 4 ne, kamar yadda NTFS ya saba yankawa. Gurabunsa sun kai wajen miliyan 122, ke nan littafi ɗaya zai kusa megabayit 490, kwafi biyu kusan gigabayit guda. In aka ce a ƙara girman gurbi zuwa kilobayit 32 don littafi ya ragu zuwa wajen megabayit 60, to sai an sake jera kusan duk kayan da ke sito. Bugu da ƙari, NTFS yana da wata al'ada: in fayil ƙarami ne ƙwarai, 'yan bayit ɗari kaɗan, ba ya ba shi gurbi, a cikin shafinsa na littafi yake cusa shi. Duk irin waɗannan, kuma suna da yawa, sai an nemo wa kowanne gurbi. Ana cikin wannan aiki akwai wani lokaci da tsohon littafi ya fara rushewa, sabo bai kammala ba. In wuta ta ɗauke a wannan gaɓa, faifan ba NTFS ba ne, ba kuma FAT32 ba ne. Ina jin kamfanin da ke da masu amfani da kayansa miliyoyi ya auna wannan ya ga ba zai ɗauki alhakin ba.

Abin da babba ya ƙi, ƙanana suka ɗauka. Wani kamfani a jihar Utah ta Amurka mai suna PowerQuest ya yi manhajar PartitionMagic, wadda duk wanda ya yi gyaran kwamfuta a ƙarshen shekarun 1990 ya san ta. Tana yanka faifai, tana ƙara yanki ko ta rage, tana mayar da FAT32 zuwa FAT16, a buge-bugenta na baya kuma har NTFS tana mayarwa FAT32. Kamfanin Symantec ya sayi PowerQuest a 2003, bugu na ƙarshe ya fito a 2004, daga baya aka daina ta. Ina roƙon ƙannenmu masu shago, kada wanda ya ɗauko tsohon faifanta ya ɗora wa kwamfutar zamani, don ba ta san yadda ake yanka faifai yanzu ba, ɓarna za ta yi. A yau akwai irinsu AOMEI Partition Assistant da MiniTool Partition Wizard da EaseUS Partition Master, waɗanda ke yin wannan juyi, galibi a bugun da ake biya.

To amma kafin mutum ya nemi manhaja, akwai tambayar da nakan fara yi wa duk wanda ya zo mini: wane faifai kake nufi? Wanda Windows ke zaune a kai, ko wanda kake ajiye kaya kawai?

In wanda Windows ke kai ne, amsar gajeriya ce. Windows 2000 da XP suna iya zama a kan FAT32, don haka ana iya juya faifansu su ci gaba da tashi. Daga Windows Vista, wanda ya fito kasuwa a 2007, har zuwa 7 da 10 da 11, ba mai zama sai a kan NTFS, domin ginin nasu ya dogara da izini da wasu hanyoyin haɗa fayiloli waɗanda FAT32 bai san su ba. Duk wanda ya ce maka zai mayar da faifan C na Windows 10 zuwa FAT32 kuma kwamfuta ta tashi, ka riƙe kuɗinka.

Bari in ba ku labarin wani aiki da na yi a 2004, don ku ga yadda abin yake a aikace. Wani bawan Allah mai ƙaramar maɗaba'a, yana buga katin biki da kalanda da 'yan littattafan Hausa, ya kira ni. Kwamfutarsa faifai biyu gare ta. Na farko yana ɗauke da Windows 98, saboda tsohuwar na'urarsa ta ɗaukar hoton takarda ba ta aiki sai da shi. Na biyu mai gigabayit 40 yana ɗauke da XP a kan NTFS, a nan duk ayyukansa suke. In ya tashi 98 ba ya ganin faifai na biyu sam, sai ya riƙa kashewa yana kunnawa yana jigilar aiki, wuni guda ya tafi a haka. Da na ce masa a sake ɗora XP a kan FAT32, sai ya dafe kai. Manhajojin da yake aiki da su wanda ya ɗora masa ya bar gari da faya-fayansa. Ga kuma haruffan Hausa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda a wancan zamani sai da wasu keɓaɓɓun haruffa ake samunsu, ya sha wahala kafin ya daidaita su, kuma littattafai uku na marubuta suna hannunsa an riga an karɓi kuɗin aiki. A wurinsa sake ɗorawa daidai yake da rufe shago.

Abin da muka fara yi shi ne aron wani faifai, muka kwafe komai a kai, muka buɗe fayiloli da dama daga cikin kwafin muka tabbatar suna buɗuwa, sa'an nan muka cire shi muka sa a aljihun tebur. Muka sa chkdsk ya duba lafiyar faifan, don ba a sake rubuta littafin da ke da kuskure a ciki. Muka bi jakunkuna ɗaya bayan ɗaya. XP yana nuna sunan fayil ɗin da aka matse da shuɗi, wanda aka kulle kuma da kore. Muka tarar da jaka guda shuɗiya, muka warware ta. Muka tarar da bidiyon bikin ƙaninsa mai gigabayit 6, muka fitar da shi. Muka share tarkace har fili ya samu sosai. Daga nan na ce a tayar da janareta, a cika tanki, a sauka daga wutar gari gaba ɗaya, ko da yake a lokacin akwai wuta. Ya yi ta mitar kuɗin mai. Aikin ya ɗauki abin da bai kai awa biyu ba, XP ya tashi lafiya, 98 kuma ya ga faifai na biyu.

Maƙwabcinsa mai shagon buga takardu ya ga abin ya yi kyau, ya karɓi manhajar wurin yaron shago, ya yi nasa da daddare, ba kwafi ba janareta. Aka ɗauke wuta aiki ya yi rabi. Da safe kwamfuta ta ce faifan ba a yi masa fomatin ba, ko yana so a yi? Mun kwana biyu muna tsamo abin da ya tsamu. Takardu da yawa sun dawo, amma ba suna ba jaka, sai lamba, sai an buɗe kowacce an ga ta wace ce. Waɗanda gurabunsu ke warwatse kuwa sun dawo rabi-rabi. A cikin waɗanda ba su dawo ba har da kundin digiri na wata ɗaliba, wadda ta bar masa rubutun hannunta ya buga, shi kuma ya riga ya zubar da takardun. Garin gyaran gira aka rasa ido.

Ku lura da wani abu a labarin nan. Tun da dole ne a yi kwafi kafin a fara, to in faifan na ajiyar kaya ne kawai, ba Windows a kai, juyin ba shi da wani amfani. Ka riga ka kwashe kaya, ka yi fomatin zuwa FAT32, ka mayar da su, shi ke nan. Ba abin da za a sake ɗorawa, don da ma ba a kansa Windows take ba. Littafin da aka rubuta a sito wanda ba kaya ya fi tsabta, kuma in wuta ta ɗauke sai dai a sake farawa. Mutum tara cikin goma da ke yi mini wannan tambaya, a ƙiyasina, wannan ce amsarsu. Ba sa son jin ta ne kawai saboda ba su da faifai na biyu, suna ganin sayensa asara ce.

A nan za ku ci karo da wani abin haushi. In faifai ko filasha ta wuce gigabayit 32, Windows ba za ta nuna maka FAT32 a cikin zaɓin fomatin ba. Wannan ba iyakar FAT32 ba ce, shi yana iya kaiwa terabayit 2. Wani tsohon injiniyan Microsoft mai suna Dave Plummer ya bayyana cewa shi ya zaɓi wannan lamba lokacin da yake rubuta akwatin fomatin a tsakiyar shekarun 1990, da tunanin abu ne na wucin gadi. A watan Agusta na 2024 kamfanin ya sanar da ɗaga iyakar zuwa terabayit 2 a wani bugun gwaji na Windows 11, ta hanyar rubuta umarni. Wanda bai da wannan, akwai ƙananan manhajoji na kyauta da ke yi, kwamfutar Linux ko ta Apple ma tana yi ba gardama.

Windows za ta nuna maka wani mai suna exFAT, wanda aka fito da shi a 2006. Sunan ya yi kama, amma ba ɗaya ba ne. Shi ba shi da matsalar gigabayit 4, kuma kwamfutocin Windows da na Apple duk suna rubutu a kansa, don haka in tsakanin kwamfuta da kwamfuta ne ya fi. Amma tsohuwar rediyon mota ko injin ɗinki da aka ƙera kafin zuwansa ba su san shi ba. Abin da ya sa memori mai gigabayit 64 ke ƙin aiki a na'urar da mai 32 ke yi ke nan: har zuwa 32 da FAT32 suke fitowa daga masana'anta, daga nan sama da exFAT. Wasu injinan ɗinkin ma FAT16 kaɗai suka sani, sai a nemo musu 'yar filasha da ba ta wuce gigabayit 2 ba, kada kuma a zube zane barkatai a bakin ƙofa, don jakar farko ta FAT16 suna 512 kawai take ɗauka, dogon suna kuma yana cin wurin biyu ko uku. A yi jakunkuna a ciki, a taƙaita sunaye.

Akwai kuma wanda zai yi duk wannan, na'ura ta ci gaba da ƙin gani. Sau da yawa matsalar ba a littafin sito take ba, a taswirar yankan faifai take. Tsohuwar taswira ita ce MBR, sabuwa GPT, tsofaffin na'urori kuwa ta farko kawai suka sani. Kwamfutocin zamanin Windows 98 kuma suna rikicewa in faifai ya wuce gigabayit 137. Mai irin wannan kwamfuta da ke tuƙa wani tsohon inji a asibiti ko masana'anta, ya nemo mata ƙaramin faifai, kada ya haɗa ta da babba.

Ga wanda Windows ɗinsa sabuwa ce kuma yana son wani wuri mai FAT32 a cikin kwamfutar, akwai hanya mai sauƙi wadda ba ta taɓa littafin kowa. Tun daga Vista, Windows da kanta tana iya tsuke yankin C ta fitar da fili a ƙarshensa. Sai a yanki gigabayit 20 ko 30 a wannan fili a yi masa FAT32. Windows tana nan a NTFS ɗinta, ga kuma ɗan ɗaki a waje mai tsohon tsari. In za ku yi mamaki, kusan kowace sabuwar kwamfuta da ma tana da irin wannan ɗaki a ɓoye, mai wajen megabayit 100 ko fiye da haka, kuma FAT32 ne. Daga cikinsa take fara tashi kafin ta kai ga Windows, saboda tsarin yana da sauƙin da kowace na'ura za ta iya karantawa. Da tsohuwar zuma ake magani. Kada dai wanda ya gan shi ya ce tarkace ne ya share.

Wanda kuwa ya ga lallai sai ya yi juyin a kan kaya, sai ya bi abin da muka yi a maɗaba'ar nan, ya ƙara da abu ɗaya na zamani. Sababbin kwamfutoci da yawa suna zuwa da kullen BitLocker a kunne, mai ita bai ma sani ba. Sai an buɗe wannan kulle gaba ɗaya kafin a taɓa faifai. Ya kuma sani cewa bayan juyi duk wanda ya zauna gaban kwamfutar zai iya buɗe kowane fayil, izinin da ya raba jakar maigida da ta yaran ofis ya tafi. Ma'aji da lauya da likita su yi tunani a kan wannan tun kafin su fara.

Ranka ya daɗe shugaba, akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Na sami labari cewa hotunan da kwamitin tarihi ya tattara, tun daga na rukunin farko har da rajistar ɗalibai da aka ɗauki hotonta shafi-shafi, duk suna kan faifai guda ɗaya a hannun sakatare, kuma an so a juya shi zuwa FAT32 don a nuna su a talabijin ɗin zauren nan yau. Na roƙe shi da ya dakata, ya kuwa dakata, shi ya sa ba ku ga hotuna a bango ba, kada ku ga laifinsa. Wasu daga cikin hotunan nan masu su sun rasu, iyalansu sun ba da aro an ɗauka an mayar, ba lallai a sake samunsu ba. Bidiyon taron bara kaɗai ya fi gigabayit 4, ba zai ma shiga ba. Shawarata ita ce ƙungiya ta sayi faifai biyu, a bar su a NTFS, a yi kwafi cikakke a kowanne, ɗaya ya zauna wurin sakatare, ɗaya a ofishin shugaban makaranta. Sa'an nan a sayi filasha mai gigabayit 32, a zuba mata zaɓaɓɓun hotuna domin talabijin. Na yi alkawarin yin aikin kyauta a cikin makon nan in an kawo kayan, 'yan ajinmu kuma sun ce za su ɗauki kuɗin faifai ɗaya. Saura ɗaya, na bar wa 'yan ajin 1987, tun da sun fi mu surutu a wajen cin abinci.

Na ga mai kula da lokaci yana ta ɗaga mini hannu. Masu tambaya a kan rediyon mota da injin ɗinki, ina nan a teburin bakin ƙofa bayan an tashi, wanda ya zo da filasharsa ya kawo in duba.